Katin da Inna Larai Ta Karanta

"Caca a cikin gidana, Aina'u?!"

Muryar Malam Sha'aban ta cika tsakar gida. Wani allon wasa na katako yana hannunsa, ya nufi murhu da shi.

"Baba, don Allah... wallahi ba caca ba ce!"

"Ramlat ta faɗa min komai! Ana murza kibiya, wani ya ci, wani ya faɗi. Kuma kafintan nan mai neman aurenki shi ya sassaƙa. To, na janye maganar!"

Aina'u ta zube a ƙasa, hawaye na zuba. Ramlat, 'yar baffanta, tana bakin ƙofa tana gyara mayafi kamar ba ruwanta, alhali tun bara take aika wa Zubair kafintan fura har shagonsa, yana mayarwa.

Lokacin da Aina'u take karatu a Ɗanbatta, akwai wata gasar tambayoyi a talabijin da ba ta yarda ta wuce ta. Ka amsa daidai ka hau mataki, ka kuskure ka sauko. Da ta dawo ƙauye ta fara koya wa matan aure karatu, sai ta ga gyangyaɗi kawai suke yi a kan baƙaƙe. Wata la'asar da Zubair ya zo zance ta yi masa ƙorafi, har ta ba shi labarin gasar. Bayan sati uku sai ga shi da allo mai matakala goma sha biyu, da kibiya mai zaɓar fanni, da katuna ɗari biyu farare, ya yanke su daidai wa daida.

"Ni katako na sani, hasken idona," in ji shi yana sosa ƙeya. "Tambayoyin ke za ki rubuta."

Ranar ta tabbata ba za ta taɓa samun kamarsa ba.

"Malam, dakata."

Inna Larai ce, mahaifiyarta, wadda ba a taɓa jin ta tanka wa mijinta ba, ta tare shi a bakin murhu kafin ya jefa allon.

"Zauna ka yi wasa ɗaya. In ka ga caca a ciki, ni zan hura maka wutar."

Ya harare ta, amma ya zauna. Ya murza kibiyar da ɗan yatsa kamar mai taɓa ƙazanta, ta tsaya a kan noma. Inna ta zaro kati, ta matso da shi kusa da idonta.

"Wa... ce... ci-ya-wa ce... take shanye dawa... tun daga saiwa?"

Ko yaron goye a garin ya san wuta-wuta ce. Amma Malam bakin matarsa yake kallo.

"Larai... karantawa kika yi?"

"Karantawa na yi, Malam. Shekara talatin kai kake duba min takardar asibiti. A kan allon nan na koya, don kar matan unguwa su riga ni hawa."

Ramlat ta sulale ta fice. Malam ya shafa gefen allon, ya ji ko'ina sumul, babu inda zai soki hannun mace.

"A kira min yaron nan."

Zubair ya zo da garin katako a gashinsa, ya durƙusa a zaure. Aina'u tana laɓe bayan ƙofa.

"Na zarge ka ban bincika ba, ka yafe min," in ji Malam. "Ka turo magabatanka. Da an gama girbin gyaɗa za a ɗaura."

"Baba... na gode, Baba! Allah Ya ƙara girma!"

Da zai fita ya hango gefen mayafinta, ya rage murya.

"Kin ji, rabin raina?"

"Na ji..." ta ce, tana dariya tana share hawaye.

An ɗaura auren ranar wata Juma'a. Tun kafin nan, da katin gayyatar ya iso daga Kano, Inna Larai ba ta bari kowa ya taɓa ba. Gida-gida ta bi da shi, tana karanta wa mata sunan 'yarta da bakinta.