Sai Katin Ya Zo

Ranar da likita ya ce wa matata Chizuru ciwon ya kai hanta, ba gida muka koma ba. Ofishin shige da fice ta ja ni.

"Chizu, ina za mu?"

"Nema maka izinin zaman dindindin."

"Yau?!"

"To yaushe? Ranar jana'izata?"

Sunana Upali, mutumin Sri Lanka ne ni. Na tsufa ina sayar da tsofaffin littattafai a wani lungu na birnin Niigata, na karanta marubutan ƙasar nan fiye da jikokinsu, amma a idon hukuma sunana ɗaya: mijin 'yar ƙasa. Izinin zamana a igiyar aurenmu yake rataye. Duk ranar da ta rasu, igiyar ta tsinke. Na daɗe da sanin haka, sai dai a ganina mai ilimi ba ya tsayawa gaban tagar ofis yana roƙo.

Jami'in da ya karɓe mu yana da ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar kai ka taka masa ƙafa. Ya jero mana abin da ake so: shaidar haraji, shaidar mazauni, shaidar sana'a, da wanda zai tsaya mini.

"Ni zan tsaya masa," in ji Chizu. "Idan mai tsayawar ta rasu kafin ku gama fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai a sake duba lamarin daga tushe, ranki ya daɗe."

"Har yaushe kuke ɗauka?"

"Wani lokaci rabin shekara... wani lokaci fiye."

Likita bai ba ta ko rabin wannan ba.

Haka ta fara yawon ofisoshi, ɗan hatimin da take sa hannu da shi a jaka, hannunta a kafaɗata. Kafin wata takarda ta fito, wa'adin wata ya ƙare, sai mu koma baya. Ni ina zagin duk wanda ya ƙirƙiro layi, ita tana rusuna wa kowane magatakarda tana murmushi, ba ta kuma barin taga sai da abin da ta zo nema.

Ranar da muka miƙa komai, aka ba mu farin kati mu rubuta adireshinmu. Da shi suke aiko da amsa. Ta fizge alƙalamin daga hannuna.

"Kawo nan, Malam! Rubutunka kamar kaza ta taka tawada. So kake a kai wa maƙwabta?"

Ta rubuta a tsanake, ta miƙa, ta juyo ta dube ni.

"Shi ke nan. Ba zan mutu ba sai katin nan ya zo."

Mahaifiyarta, Mama Tomiko, ta sauko daga ƙauyensu na kan dutse da fushi. Ba ta taɓa yafe mini auren 'yarta ba.

"Ki tattara ki dawo gida! Ki kwanta a ɗakin da na haife ki!"

"Mama, in na sauya adireshi, za su ce mun rabu."

"Saboda takarda za ki ƙi uwarki?"

"Saboda mijina, Mama..."

Tsohuwar ta dube ni kamar ni ne ciwon. Ta fita ba sallama. Chizu ta yi kukan da ba ta yi a gaban likita ba.

Mako na zagayowa sai ga Mama a ƙofa, da shimfiɗarta da tulun kayan lambun da take tsimawa.

"Matsa, ɗan nan. Kai da littattafanka kun tare hanya."

Daga nan rayuwarmu ta koma sauraron babur ɗin mai kawo wasiƙu. Da ya tsaya, sai in ji muryarta: "Malam, leƙa akwatin." Tallan shago. Takardar wuta. Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe lungun, ta daɗe, ta narke. Likita ya daina hasashe. Chizu ta rame har zoben aurenmu ya koma babban yatsanta, amma kullum sai ta shanye kunun shinkafarta, tana yamutsa fuska kamar mai biyan tara.

Na karanta labaran jarumai da yawa. Galibinsu da takobi suke, kuma ana kallonsu. Ban taɓa karanta wanda ya riƙe mutuwa a bakin ƙofa da cokali ba.

"Masoyiyata, ki daina wahalar da kanki," na ce mata wata rana. "In sun kore ni, sun kore ni."

"Wa zai kai mini furanni kabari? Gwiwar Mama ba ta hawa tudu. Wa zai yi mata cefane? Wa za ta riƙa yi wa faɗa?"

"Ina jin ku fa!" Mama ta ɗaga murya daga madafa.

Katin ya zo da farkon bazara. Chizu ta ɗaga shi da hannu biyu, ta ga rubutunta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. An rubuta in zo da fasfo.

"Tashi ka tafi."

"Gobe, Chizu."

"Yanzu! Wannan gayyata ce kawai. Sai an sa maka shi a hannu."

"Akwai maganar da nake so in..."

"In ka dawo. Tafi, rabin raina, kafin su rufe taga!"

Mama ce ta miƙo mini rigar sanyina. Har maɓalli ta ɓalla mini.

Na ja lamba, na zauna a kujerar roba cikin ɗalibai da jarirai masu kuka. Aka kira ni. Jami'in nan mai ladabi ya miƙo mini sabon katin zama da hannu biyu. Na rusuna masa, ni da na rantse ba zan taɓa yi ba.

Ina fitowa waya ta yi ƙara. Mama ce.

"Sun ba ka?"

"Sun ba ni, Mama."

Na ji ta janye wayar daga bakinta, ta ɗaga murya: "Chizuru! Sun ba shi!"

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Ta ji," in ji Mama. "Taho a hankali, ɗana. Babu sauran sauri."

Yanzu babu mai iya korata. Ina yi wa Mama cefane, tana kushe duk kifin da na zaɓo. Ina hawa tudun zuwa kabarinta da furanni. Matata ta yaƙi hukuma da mutuwa a lokaci guda, ta samo mini dindindin a ƙasar da ba ta cikinta.

Maganar da na so in faɗa mata in na dawo ba ta da tsawo.

Chizu, ban taɓa son zama a ƙasar nan ba. Inda kike kawai nake son zama.