Bayan Duwatsun Iyaka

"Shekara biyu ke nan, Rumasa'u. Shekara biyu ina hawa dutse ina sauka."

Lurwanu bai ɗaga murya ba. Yana tsaye a bakin ƙofar yayarsa Ummulkhairi a unguwar Jarwal ta Makka, ƙurar hanya har gwiwarsa. Rumasa'u tana daga ciki, bayan labule, tana ɓarar gyaɗar da za ta soya ta kai kasuwa.

"Na sani," in ji ta.

"Babanki ya ba ni ke tun bara. Ke ce kika hana ni kanki."

"In bar shi da wa?"

"Mu tafi da shi."

"Ka san ba zai fita ba..."

"To ni fa, ya ruhi? In yi ta jira sai yaushe?"

Gyaɗar ta fashe a hannunta, ƙwayar ta gangara ƙarƙashin labule har wurin ƙafarsa.

Duk Jarwal an san halin mahaifinta, Malam Wada mai ɗinkin takalma. Daga ƙasar Gaya ya taso da matarsa Hajara, a ƙafa, suna tafe suna tsayawa ƙwadago, shekara shida kafin su ga teku. A hanya aka haifi Rumasa'u. Suka ƙetaro Jidda, suka kamo hanyar Makka. Ana hango fararen duwatsun da ke nuna iyakar Harami zazzaɓi ya kayar da Hajara, aka binne ta a gefen hanya, daga waje. Malam Wada ya shigo da 'yarsa a kafaɗa, ya sauke farali a shekarar. Tun da ya dawo daga Arfa bai sake taka wajen iyaka ba, yau shekara goma sha shida. Bai ƙara aikin Hajji ba, domin Arfa a waje take. Bai yi Umra ba, domin sai an fita Tan'im ake ɗaura harami. In an tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: ya zo ne ya mutu a ciki, ba zai yarda ajali ya tsince shi a bakin ƙofa ba.

Shi kuwa Lurwanu haifaffen Makka ne, amma zamansa a Hada yake, kan dutsen Kara, hanyar Ɗa'ifa. Yana da doki da goɗiya da 'yan alfadarai, da su yake hawa da mutanen Makka shan iska in zafi ya tsananta. Mahaifiyarsa tana can, idonta ya yi rauni, ƙirjinta kuma ba ya jure zafin ƙasa. Shi ba ya iya saukowa, Rumasa'u ba ta iya hawa. Kowannensu da tsohonsa a hannu.

A ranar, kafin ya tafi, ya roƙe ta abu ɗaya: bayan ƙaramar Sallah ta zo da Ummulkhairi su yi hutun mako guda, ta ga gidan, ta gaida mahaifiyarsa. In ta gani ta ce a'a, ba zai sake damunta ba.

Da ta gaya wa mahaifinta, ya daɗe yana huda fata da basilla kafin ya yi magana. Ya ce ta je. Ya ce ma zai raka su har duwatsun da ke gab da Arfa, daga nan ya biyo masu raƙuman da ke sauko da inabi ya dawo gida. Ta ce to. Amma a ranta ta riga ta yanke: in ya juyo, tare za su juyo. Wa zai dama masa kunu? Wa zai ji tarinsa?

Kwana uku bayan Sallah, ana idar da Asuba, suka haɗu a bayan gari. Lurwanu ya jawo goɗiyar, fara mai ɗigo-ɗigo, sunanta Hamama. Rumasa'u ta ɗaga kai ta dube ta, sai ta ga kamar katanga aka ce ta hau.

"Wannan ce za ta auri mai dawaki?" in ji Ummulkhairi daga kan alfadarinta. "Ya bint, ke yarinya, ai ko a kan turmi kin fi haka ƙarfin hali."

"Yaya Ummu, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Lurwanu ya kai goɗiyar gefen wani dutse don ta taka ta hau. Bai taɓa ta ba, da baki ya yi ta nuna mata: ƙafar hagu a likkafa, hannu a kan sirdi, ta miƙe zaune kamar mai tallar fura a ka. Linzami kuwa ta riƙe shi sako-sako. Ya ƙara da cewa kada ta matse cikin goɗiyar da dugaduganta ko da ta tsorata, domin a wurin Hamama matsi umarnin tafiya ne. Ta gyaɗa kai, amma rabin maganar bai shiga kunnenta ba. Ƙasa kawai take kallo, yadda ta yi nisa.

Malam Wada ma bai fi ta ba. Mutumin da ya ratso ƙasashe da tafin ƙafarsa bai taɓa ɗora ta a likkafa ba. Ya zauna a kan dokin a sandare, ya rungume carbinsa da gezar dokin gaba ɗaya, yana cewa da an bar shi ya taka da tuni ya yi nisa.

"Sabur, ya ammi," in ji Lurwanu, wato haƙuri, baffa. "Yau ƙafarka ma tana hutun Sallah."

Shi ya tafi a ƙasa, ragamar doki a dama, ta goɗiya a hagu.

Suka ratsa Mina. Ba mahajjaci ko ɗaya, gidaje a rufe, sai tantabaru a kan katanga. Rumasa'u ba ta taɓa sanin wurin yana yin shiru ba. Da suka fita ta matsatsin duwatsu zuwa filin Muzdalifa, rana ta fara leƙowa, iska mai ɗan sanyi ta ɗaga gefen mayafinta. Ga itatuwan ƙaya jefi-jefi, ga awaki can nesa a gindin tsauni, ga sawun yanyawa a kan yashi da Lurwanu ya nuna mata da haɓa. Ba ta san lokacin da bayanta ya daina ciwo ba. Jikinta ya koyi rausayar goɗiyar, tana jin ɗuminta ta cikin sirdi. Ta kai hannu ta shafa wuyanta, Hamama ta kaɗa kunne.

Lurwanu ya waiwayo ya ga murmushin a idonta.

"A sama ya fi haka," ya ce a hankali. "Akwai itacen rumman a bakin ƙofarmu. Da safe gajimare a ƙasanki yake."

Ta yi saurin kau da kai. Kunya ce ta kama ta, ba tasa ba, ta daɗin da take ji. Ta dubi mahaifinta. Tun daga Mina leɓɓansa ne kawai ke motsi, kuma duk taku ɗaya fuskarsa ƙara tsukewa take yi.

Hantsi ya ɗaga sosai suka hango su: ginshiƙai biyu na dutse, an shafe su da farar ƙasa, ɗaya a dama da hanya, ɗaya a hagu. Bayan su sai fili, sai Arfa, sai shuɗin duwatsu can gaba.

"Tsaya nan," in ji Malam Wada, tun da sauran taku ashirin.

Lurwanu ya tsaya. Ya saki ragamar Hamama don ya tallafi tsohon da hannu biyu, domin ƙafafunsa sun sage. Malam Wada ya sauko, ya tuɓe takalmansa ya riƙe, ya dafa ƙasa da tafin ƙafa kamar mai tabbatar da tana nan.

"To, uwata. Allah Ya kiyaye hanya. Ki gaida surukarki."

"Ba ni zuwa, Baba."

"Ba mu yi haka da ke ba."

"Ni na yi da kaina. Tare za mu koma."

"Rumasa'u..." in ji Lurwanu.

Ba ta dube shi ba, domin ta san in ta dube shi ba za ta iya ba. Ta ce ya yafe mata, ya nemi wadda ba ta da nauyi a ka. Hawaye ya rufe mata ido. Ta so ta juya goɗiyar ta fuskanci Makka, amma ba a koya mata juyawa ba tukuna. Ta fizgi linzami da hannu biyu. Hamama ta ɗaga kai, ta ja da baya. Rumasa'u ta ji kamar za ta zame, tsoro ya kama ta, ta sake linzamin ta rungume sirdi, ta matse cikin goɗiyar da dugaduganta iya ƙarfinta.

Hamama ta yi abin da aka koya mata. Ta zabura, kuma gida ta nufa.

Ginshiƙan suka wuce ta gefen idonta kamar walƙiya. Likkafa ɗaya ta kuɓuce. Iska ta cika mata baki.

"Baba!"

Ta ji Lurwanu ya haye doki, ta ji kofato a bayanta. Kafin ya cim mata, goɗiyar ta gangara cikin wani busasshen rafi, ta karkace, Rumasa'u ta sulmiyo ta faɗi a kan yashi ta gefen kafaɗa. Hamama ta yi 'yan taku ta tsaya tana huci, tana kallonta kamar mai tambayar laifinta.

Lurwanu ya diro ya durƙusa gefenta, yana ta tambaya da Hausa da Larabci ko ta karye. Ta motsa hannu, ta motsa ƙafa. Ba karaya, sai wuyan hannu da ya bugu da ƙujewa a gwiwar hannu.

Sai suka ji haki.

Malam Wada ne. Ba hula, ba takalmi, rigarsa ta jiƙe, yatsan ƙafarsa na jini. Ya faɗi a gwiwa ya kama fuskarta, ya shafa kanta, ya lalubi kafaɗarta, yana tari yana cewa, "Uwata... uwata... kina ji na?"

"Ina ji, Baba. Ba abin da ya same ni."

Ya rungume ta. Sai da numfashinsa ya lafa ya ga yadda Lurwanu yake kallonsa, ya ga Ummulkhairi ta ƙaraso a kan alfadari ta rufe baki da mayafi. Ya waiwaya a hankali.

Duwatsun suna can baya, ƙanana, kamar haƙora biyu a cikin ƙyallin rana.

Rumasa'u ta ji sanyi ya ratsa ta duk da zafin. Abin da ya tsare shekara goma sha shida, ita ta fasa masa shi da dugaduganta. Ta ga hannunsa ya kai ƙirji, ta ga launin leɓensa, zuciyarta ta yanke.

"Lurwanu, ɗauke shi a doki, mu mai da shi yanzu. Baba, ka yafe mini. Tashi mu koma, ba nisa..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya zauna dirshan a kan yashin, ya ɗebi kaɗan yana murzawa.

Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba. Ya ce ranar da uwarta ta kwanta, da safe ta roƙe shi su ƙarasa, ko goya ta zai yi, ta ga dai ta shiga. Shi ya ce ta huta, gobe ma rana ce, duwatsun ba gudu za su yi ba. Kafin La'asar ta cika. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutanen Jarwal suna ce masa mai tsoron Allah, shi kuwa ya san abin da yake tsoro.

"Irin wannan yashin ne," ya ce. "Shekara goma sha shida tana kwance a waje ita kaɗai, ni ina ciki ina tattalin wurin kwanciyata. Ko ziyara ban kai mata ba."

Rumasa'u ta fashe da kuka. Ummulkhairi ta sauko ta riƙe ta.

"Da kika kira ni ban ga dutse ba," in ji shi. "Wallahi ban gan shi ba."

Ya daɗe yana kallon Makka. Fuskarsa ba ta saki ba. Can ya juya wurin Lurwanu.

"Kai, ɗan nan. A saman naku akwai maƙabarta?"

"Akwai, ya ammi. Mahaifina yana ciki."

"Akwai liman?"

"Akwai."

"To ka gaya masa Juma'a akwai ɗaurin aure. In mun sauko kuma, za ka kai ni hanyar Jidda, ni da Rumasa'u, mu ziyarci kabarin uwarta."

"Baba, in wani abu ya same ka a can..." in ji Rumasa'u. "Ba zan yafe wa kaina ba."

"Zai same ni, uwata, ko a can ko a nan. Tsoron bai bar ni ba, kada ki zata ya bar ni. Amma na hana mace ɗaya shiga, ba zan hana ta biyu fita ba."

Lurwanu ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure masa yatsa, ya miƙa wa Ummulkhairi sauran ta ɗaure wa Rumasa'u hannu. Ya jawo Hamama. Rumasa'u ta tsaya a gabanta.

"In ba ki iya ba, ki hau alfadarin Yaya," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Ba wanda zai ga laifinki, ya albi, zuciyata."

Ta dubi mahaifinta. Ya riga ya dafa sirdin doki, ya ɗaga ƙafarsa mai ɗauri yana laluben likkafa, idonsa a rufe, yana ambaton Allah.

Ta share fuska da bayan hannu.

"Riƙe mini ita," ta ce. "Wannan karon kada ka saki."