Baƙuwa a Akwatin Inna

Kwana uku da dawowarsu, da yammacin wata Talata, Maman Ummi tana tsaye a kicin tana jiran ruwa ya tafasa, sai tsakuwa ta faɗo a bayanta ta gangara ƙarƙashin tebur.

Ta duƙa ta ɗauka. Ja ce, da ɗumi a jikinta kamar wadda ta yini a rana. A hawa na huɗu suke zaune, tagogi a rufe saboda sanyi, kuma tun saukarsu ba su ga rana ba. Ta leƙa falo. Ummi, 'yarta mai shekara goma sha biyu, tana kwance a kan doguwar kujera ta juya wa ƙofa baya.

"Ummi, ke ce kike jifa?"

Yarinyar ba ta motsa ba.

Shekara uku ke nan Maman Ummi tana karatun digiri na uku a wannan ƙasar waje, ita da 'yarta, maigidan yana can gida wajen aikinsa. Watan jiya aka bugo mata waya cewa Inna, mahaifiyarta, jiki ya yi tsanani. Jirgi biyu suka hau, da zaman awa shida a tsakani a kan kujerun ƙarfe. Ko da suka isa an yi kwana ɗaya da binne ta.

Ranar komowa hannun akwatinta ya karye. Cikin gaggawa ta taka kujera ta janyo tsohon akwatin Inna daga kan kabad, ba bismillah, ba ko kakkaɓewa, ta zuba kaya. Da yake zif ɗinsa ya tsufa, a filin jirgi ta sa aka naɗe shi da leda zagaye-zagaye har ya koma kamar dunƙulen ƙanƙara. Yanzu ga shi nan a lungun ɗakin kwana, babu komai ciki sai mayafin Inna.

Washegari tsakuwa uku suka faɗo. Ranar Alhamis aka ƙwanƙwasa daga cikin akwatin, a hankali, irin na baƙon da ke jin kunya. Maman Ummi ta lura da wani abu. Agogon hannunta har yanzu lokacin gida yake nunawa, ta kasa sauya shi, kuma duk abin nan ba ya farawa sai agogon ya nuna magaribar can.

Ummi ta daina ci. Likitan unguwa ya ce gajiyar tafiya ce da bambancin lokaci, a ba ta mako. Maigidan ya ce a waya a yi ta addu'a, muryarsa tana yankewa. Maman Ummi ta zauna gaban kwamfuta, babi na huɗu na kundin digirinta a buɗe, malamin da ke duba aikinta yana jira, ta kasa ƙara layi ɗaya. A benen nan kaf ba ƙofar da za ta iya bugawa ta faɗi abin da ke damunta.

Ranar Juma'a, duhu yana sauka, Ummi ta tashi zaune ta miƙe ƙafafu, ta dafa gwiwa kamar tsohuwa.

"Sanyin garinku ba imani," ta ce. Muryar ba tata ba ce. "Ke 'yar boko, rufe min ƙafa."

Cokalin da ke hannun Maman Ummi ya faɗi. Duk duniya Inna kaɗai take kiranta 'yar boko.

A daren nan ta kira wani Malam a waya. Direban bas ne da rana, shi ke jan salla a ɗan ɗakin da ɗalibai suke taruwa. Ya zo washegari da yamma da rigar aikinsa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa nesa da yarinyar. Ya nemi ruwa a kofi. Ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya. Ɗakin ya yi tsit, sai na'urar ɗumama ɗaki da ke ƙas-ƙas. Can Ummi ta fara rawar sanyi, haƙoranta suna haɗuwa.

"Ya isa, Malam," in ji muryar nan daga bakin Ummi. "Ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Mai akwati. Shekara arba'in ina cikinsa ban taɓa kowa ba. Ina barci aka tura min kaya a ka. Kafin in fita an naɗe ni da leda kamar ragowar abinci, aka wurga ni cikin duhu. Ka taɓa kwana a cikin jirgi ta ƙasa, Malam? Ga ƙara, ga sanyi, ga karen wani yana ta kuka."

"Ban taɓa ba. To me yarinya ta yi miki?"

"Jikinta ne kaɗai mai ɗumi a gidan nan. Na fita neman 'yan'uwana. Na garin nan ba sa amsa sallama. Ban san harshensu ba, ban san hanya ba. Sai in dawo in yi ta jefa tsakuwar da na zo da ita, ko wani zai tanka."

Maman Ummi ta san wannan. Haka shekararta ta farko a garin nan ta kasance.

"Za ki fita," in ji Malam. "Za a mai da ke inda aka ɗauko ki."

Idanun yarinyar suka juyo kan uwarta. Muryar ta sauya, ta yi laushi, har da 'yar tarin nan da Inna take yi kafin ta yi magana.

"Ko kuwa in zauna? 'Yar boko, ni na zauna da Inna duk shekarun da kike nan. Ina ɗakin ranar da ta cika. Na ji abin da ta faɗa, kuma ke ta ambata. Ki bar min yarinyar awa ɗaya tak kowace magariba. Zan ba ki labarinta kaɗan-kaɗan, da muryarta. Ba kya son mai yi miki sannu in kin dawo?"

"Hajiya, kada ki biye mata," Malam ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Suna haɗa gaskiya da ƙarya. Amma ke ce uwa, bakinki take jira."

Maman Ummi ba ta amsa da wuri ba, kuma har ta mutu ba za ta manta cewa ba ta amsa da wuri ba. Awa ɗaya. Ta tuna kujerun ƙarfen nan, wayarta a hannu ba caji, a daidai lokacin da Inna take cikawa. Sannan ta dubi wuyan hannun Ummi, yadda ya rame cikin kwana biyar, da ɗan zoben roba da yarinyar ta saya a filin jirgi yana lilo a yatsa.

"Ki riƙe labarinki," ta ce. "Ki ba ni 'yata."



"Taurin kai irin na Inna," muryar ta ce, ta koma ta tsohuwar baƙuwa. "To. Amma ba leda. Kuma mayafin ya zauna a ciki, shi nake rufa da shi."

Mayafin ne kaɗai abin da ya rage mata mai ƙanshin Inna. Ta gyaɗa kai.

Malam ya sa baƙuwar ta yi rantsuwa sau uku ba za ta dawo ba, ya ci gaba da karatu. Ummi ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. Kafin idanunta su rufe, leɓɓanta suka motsa sau ɗaya.

"Wannan kyauta ce. Tun tafiyarki, in jirgi ya wuce, ko me Inna take yi, sai ta ɗaga kai."

Ranar Litinin Maman Ummi ta kai akwatin ofishin aika kaya a filin jirgi. Ma'aikacin ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce fanko za ta aika? Ya ce a bari ya naɗe shi, in ba haka ba zai isa a yage. Ta ce a bar shi haka. Ta rubuta wa maigidan saƙo: ya mai da shi kan kabad ɗin Inna, ya yi sallama kafin ya shiga ɗakin.

Da yamma Ummi ta cinye faranti biyu, ta koma falo tana dariya da ƙawarta a waya. Maman Ummi ta share tsakuwoyin ta zubar. Ta tsaya a kicin, agogon hannunta ya nuna magaribar gida. Ta saurara. Babu abin da ya faɗo, babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Ta cire agogon ta juya shi zuwa lokacin garin. Tana cikin ɗaura shi sai ƙarar jirgi ta ratsa saman benen, can cikin gajimare inda ba a ganin komai. Ta ɗaga kai.