Farin Gari a Kunun Malam Ado

"Da idona nig gane ta tana barbaɗa mishi farin gari cikin kunu! Ita taj juya ma Baba kai!"

Muryar Balki ke nan, yayar mijin Habsa, a gaban Maigari. Habsa kuwa na durƙushe a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Marainiya ce, ba ta da wanda zai ce uffan dominta a duk Allakaye, mijinta Alƙasim kuma yana ci-rani a Abijan. Shekara biyu tana jinyar surukinta Malam Ado, wanda mantuwa ta kama har ya fita gona ya kasa gane hanyar gida. Ƙwayoyin hawan jini, wato tansiyo, da na sukari da likita ya ba shi tofar da su yake yi, shi ya sa take daka su ta zuba masa a kunu a ɓoye.

"Wallahi maganin tansiyo na, Yaya..."

"Maganin asibiti haɗiye shi aka yi, ba a daka shi bayan ɗaki!"

Wayyo duniya! Kafin la'asar Alƙasim ya aiko da murya ta waya cewa ta bar gidan. Balki ta fizge Rahila, ɗiyar Habsa mai shekara uku, daga bayanta, yarinyar na ihu tana miƙo hannu. Ƙwayoyin kuma aka watsa su a masai. Habsa ta raɓe a zauren wata tsohuwa, mata na janye 'ya'yansu idan ta zo rijiya. Ba ta da abin faɗa sai, "Ya Allah, Kai ka gani... Ka maido mini ɗiyata."

Balki ta karɓi jinya da rubutu da hayaƙi da shayi mai kaurin sukari. Kwana arba'in ba su cika ba tsoho ya faɗi a bakin masallaci, baki a karkace. Aka kwashe shi sai asibitin mishan, Alƙasim ya taso daga Abijan ba shiri.

Da aka auna jininsa, likita Barnabas ya daɗe yana duban takardar sakamakon.

"Sukari ya yi yawa, tansiyo ya hau. Su ka cinye ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, har su riƙa yoyo kamar tsohon tulu. Nan mantuwar tat taho. Wa at tsai da maganinai?"

Alƙasim ya ba da labarin farin garin.

Likita ya cire tabarau. "Wadda kuka kora ita ta riƙe muku shi shekara biyu. Abin da ya lalace yanzu ba shi dawowa."

Da labari ya kai ga Maigari, bai yi wasa ba. Ya sa Balki ta bi Allakaye gida gida, da bakinta, tana cewa ƙarya ta yi. Tun daga ranar ko gaisuwarta ba a amsawa.

Alƙasim ya ɗauki Rahila, ya iske Habsa zaune a zauren tsohuwar, ya durƙusa yana kuka, yana jero ban haƙuri. Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan Rahila, wadda ta rame, ta laɓe bayansa tana leƙen uwarta kamar baƙuwa.

"Rahila... ni ce hwa."

Sai yarinyar ta saki rigar ubanta, ta zagaya bayan Habsa, ta kama kafaɗunta tana jiran a goya ta.