Baƙar Kwalba daga Kwatano

"Sake faɗa in ji, Cha'ibu!"

Muna tsaye a ƙofar gidanmu, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin kamiyonsa na ɗaukar kaya. "Hajiyarmu ta yarda da aurenmu, Nuriya. Abu ɗaya ta ce... a ɗaura a gidan kawunki. Baƙinta na Malanville za su zo, wai warin jima..."

"Warin ubana ke nan."

Babana Alfari majemi ne, duk Gaya an san shi. Da fatun awaki ya ciyar da mu har na gama karatun lakol. Yau kuma shi ne abin ɓoyewa! Raina ya ɓaci, idona ya ciko, amma na hana hawayen zuba.

Don ya lallashe ni, ya zaro wata baƙar kwalba daga aljihu. "Daga Kwatano na kawo miki, rabin raina. Irin turaren da Hajiya ke fesawa ne, na manyan mata."

Na fesa a bayan hannuna don in samu abin kushewa. Sai na shinshina.

Babu zaƙi irin na humra, babu ƙanshin fure. Nauyi gare shi, da ɗaci-ɗaci, da hayaƙi, can ƙasa kuma fata ce sak, wadda ta sha bagaruwa ta bushe a rana. Rigar Baba ke nan in ya tashi aiki da la'asar. Na juya kwalbar na karanta, dariya ta ƙwace mini.

"Ka san me aka rubuta nan? Cuir. Fata ke nan da Faransanci! Hajiya na fesa warin gidanmu a mayafinta, tana shiga taro tana taƙama da shi."

"Nuriya, uwata ce fa..."

"Shi kuma ubana ne! Wallahi ina son ka kamar raina. Amma ko a ƙofar Baba, ko a fasa."

Ashe Baba na zaure yana jin mu. Ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa. "Ƴata, a yi can ɗin. Ni sai in zauna gida, ba komai..."

Wannan "ba komai" ita ta karya mini zuciya. Na danƙa wa Cha'ibu kwalbarsa, na shige ciki ina kuka.

Kwana shida babu kira, babu saƙo. Abinci ya gagare ni, amma ban neme shi ba.

Ran na bakwai da hantsi kamiyo ya tsaya a ƙofarmu. Ya sauko tare da kawunnansa uku da huhun goro, suka zauna kan buzayen zaure. Hajiya ko gaisuwa ba ta aiko ba. Ta bayan labule na hango Baba yana tura hannayensa da jima ta rina cikin riga, kunya ta kama shi.

Cha'ibu ya durƙusa gabansa, ya jawo hannayen waje, ya riƙe su gam.

"Baba," ya ce, "a nan za a ɗaura."