Wasiƙar da Malama Ta Ƙi Rubutawa

Malama na tsugune a tsakiyar falo tana jera takardun jarrabawa bisa kafet aka turo ƙofa ko sallama babu. Surukarta ce, Umma, ga Auta a bayanta rungume da fayil, kai a ƙasa kamar wadda aka kamo da kayan sata.

"Sannu da zuwa Umma, bari in kawo ruwa—"

"Ba ƙishirwa ta kawo ni ba! Zauna."

Malama ta zauna. Ta riga ta san zancen. Duk dogon hutu jami'ar garin takan ɗauki ɗaliban sakandare su yi mako shida a ɗakin gwaje-gwaje tare da manyan masu bincike, kuma kowace makaranta gurbi ɗaya tak ake ba ta. Ɗalibi ya rubuta bayanin binciken da yake son yi, malamin kimiyya ya haɗa masa da wasiƙar shaida. A makarantar su Auta, Malama ce mai rubuta wannan wasiƙa. Auta kuwa ƙanwar mijinta ce uwa ɗaya uba ɗaya, auren ma watansa takwas kacal.

Umma ta fizge fayil ɗin ta dire mata a cinya. "An ce saura kwana tara a rufe. An kuma ce wata mai gilashi kike shirin bai wa. To ga na ƙanwarki, ki rubuta."

"Umma, yarinyar nan wata huɗu tana aiki. Kwalabe goma sha biyu ta jera a tagar lab, ɗakin gwajinmu, kullum sai ta auna ta rubuta, tana neman dalilin da ya sa ruwan tankin makaranta yake yin kore. Ko ranar da take zazzaɓi sai da ta zo."

"Ni kwalabe na tambaye ki? Jinina nake miki magana, kina yi mini lissafin kwalabe!"

Don girmamawa Malama ta buɗe fayil ɗin. Shafi uku ne, an buga su tsaf, a kan yadda ake gano cuta a cikin jini. Tana kai layi na biyar ta dakata. "A taƙaice dai," in ji takardar. Ƙasa kaɗan, "a taƙaice dai" kuma. Ta ƙirga har sau huɗu. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ba ya iya gama magana sai da wannan kalma, kuma shekara biyu ya yi yana turo mata saƙonnin soyayya da ita. Mijinta ne, Dogo, mai aikin gwajin jini a asibiti.

Ta ɗago ta dubi Auta. "Ke kika rubuta wannan?"

Auta ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido. Umma ce ta amsa: "Ko aljani ne ya rubuta, ke dai sa hannu aka ce!"

Suna fita da kaɗan Dogo ya dawo daga aiki, yana ta fara'a. Bai gama cire takalmi ba ta miƙa masa takardar.

"Yallaɓai, yaushe ka koma sakandare ban sani ba?"

Fara'ar ta ɗauke. "Taimako ne kawai na yi wa yarinya. Wane yaya ne ba ya taimakon ƙanwarsa?"

"Taimako? Ka rubuta daga farko har ƙarshe, a kwamfutata, a cikin gidana, sannan ka turo mini Umma don ka san ba zan iya ɗaga mata murya ba! Ni ka mayar sakara?"

"Kar ki sa mahaifiyata a bakinki!"

"Kai ka sa ta! Wasiƙar nan cewa zan yi na shaida aikin ɗaliba ne. Ka ce in yi ƙarya da sunana, in cuci 'yar mutane?"

"'Yar mutane! Mu kuma mene ne, ba mutane ba? Tun da kika shigo gidan nan Umma ba ta taɓa neman komai a wajenki ba. Sau ɗaya rak! Layi goma ne fa, ba jininki aka ce ki bayar ba."

Idanunta suka kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ranar da ka fara zuwa wajena, me ka ce ya burge ka? Ka ce ka ji na ƙi ƙara wa ɗan wani babban mutum maki. Yau da abin ya zo kan naku shi ne ya zama laifi?"

Maganar ta ƙara tunzura shi. Ya buga ƙofa ya fita, bai zame ko'ina ba sai gidan Umma. Da ya dawo kafin magariba, daga bakin ƙofa ya tsaya, ko kallonta bai yi ba.

"Umma ta ce ko ki rubuta ko ki je gida. Ni ma haka na ce. Ki je sai na neme ki."

Jaka ɗaya ta ɗauka, da takardun ɗalibanta.

Mahaifinta, tsohon tela, ya saurare ta yana sa zare a allura. Da ta gama kuka ya ce, "Kin zagi uwarsa?"

"A'a Baba."

"To kar ki fara. Kuma kar ki sa hannun. Ki je aikinki."

Washegari ta rubuta wasiƙar da sunan yarinyar nan da ɗalibai ke kira Tabarau, ta kai ofis. Labari ya isa kunnen Umma kafin a tashi. Ranar Litinin sai ga ta a ofishin shugabar makaranta, ta taso Dogo daga wajen aiki, aka kirawo Auta daga aji, aka kirawo Malama. Umma ta dinga zuba: son kai, baƙin ciki, ƙiyayyar dangin miji, ba abin da ta bari. Malama na tsaye jikin bango tana haɗiye maganganu.

Shugabar ta gyara zama. "Hajiya, abin mai sauƙi ne. Can jami'ar ma sai an yi wa ɗalibi intabiyu. Bari mu gwada a nan. In ta amsa, ni da kaina zan sake duba maganar." Ta ɗauki takardar ta dubi Auta. "Kin ce za ki raba jini kashi-kashi. Da wace na'ura?"

Auta ta dubi yayanta.

"To me ya sa ake rina shi kafin a duba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Umma ta zungure ta. "Ke, yi magana mana! Ba na ce ki haddace ba?"

"Na uku," in ji shugabar, tana juya shafi.

"Ranki ya daɗe, ya isa haka." Malama ce. Ta taka ta tsaya a gaban Auta, ta kare ta da jikinta. "Ɗalibata ce, kuma tana cikin masu ƙoƙari a ajina. Ba ita ta jawo wannan ba, ba za a tozarta ta a gabana ba."

Nan Auta ta fashe. Ba kukan tsoro ba ne, kukan haushi ne da ya daɗe yana cinta. Ta juya kan yayanta.

"Kai ne Yaya! Na ce maka ba na so, na ce maka ni ko ganin jini ba na iya yi! Ina da nawa tunanin, na fara gaya maka ka yi dariya, ka ce shirme ne, ka ce bari ka yi mini na manya. Ke kuma Umma, don kawai ki gaya wa ƙawayenki 'yarki tana jami'a! Kowa a aji ya san ba ni na rubuta ba, wallahi ko lokacin tara ba na fita don kunya. Kun kori Anti a kaina, kuma ita ce yau ta tare mini!"

Umma ta ja mayafinta ta fice. Dogo ya tsaya kamar an dasa shi.

Kwana biyu bayan haka ya je gidan tela. Malama ta fito ta zauna nesa da shi, fuska ba annuri.

"Na yi kuskure. Ki dawo gida."

"Haka kawai? Kamar wadda ka aika kasuwa?"

"A yi haƙuri. Wallahi tun ranar ban ƙara jin daɗin komai ba."

"Ni kuma na ji ko? Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba korar ba ce. Ka san gaskiyata, ka san ta sarai, amma ka bar ni ni kaɗai. Kuma ba ni ka fara yi wa laifi ba. Ka je ka zauna da ƙanwarka, ka ji tunanin nan nata da ka kira shirme, tun daga farko har ƙarshe, ba dariya. In ka gama ka dawo mu yi magana."

Ya je. Ashe Auta so take ta gano abin da ya sa wani yadin yake koɗewa da wuri wani kuma ya daɗe, ko rana ce, ko sabulu, ko rinin. Har ta tara ƙyallaye a kwali a ƙarƙashin gadonta. Dogo ya zauna a ƙasa yana juya ƙyallayen, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Sai da aka yi mako guda Malama ta koma ɗakinta. Umma kuwa wata biyu ba ta amsa gaisuwarta. Duk ƙarshen mako Malama takan je, ta durƙusa ta gaishe ta, ta share mata ɗaki, ta dawo gida ta yi kukanta. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba.

Jami'a ta ɗauki Tabarau. Da hutu ya ƙare ta dawo da littafi cike da dabarun awo, kuma ita ce ta zauna da Auta tana nuna mata yadda ake jera sakamako. Auta ta shekara tana wanke ƙyallaye tana shanyawa a bayan lab, wasu a rana wasu a inuwa. Da lokaci ya zagayo, Malama da kanta ta roƙi shugabar ta ba wani malami zaɓen, don kada a ce ta yi son kai. Shi ma Auta ya zaɓa. A intabiyu sai da aka ce mata ya isa, don ta ƙi yin shiru.

Ranar da amsa ta fito, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar Malama. Umma ce ita kaɗai. Ta zauna ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Da kin bi tawa, da na kashe wa yarinyar nan zuciya ina ganin gata nake mata. Ki yafe mini, 'yata."

Malama ta durƙusa ta kama hannunta tana hawaye. Dogo da ke tsaye a bakin kicin ya juya baya yana goge ido.

Duk mai son nasa da gaske ba ya ɗora shi a kan ƙarya, kuma ba ya neman masoyinsa ya sayar da mutuncinsa don a ce ana zaman lafiya. Malama ta riƙe gaskiya ba tare da ta zubar da ladabi ba. Ta sha wuya, amma haƙurinta ya dawo mata da mijinta, ya ba ta uwa, ya kuma bar Auta ta shiga jami'ar da aikin hannunta.