Jan Ƙyalle a Hannun Tukunya

Tun da sanyin safiya Gwaggo ta baje mayafan tebur a falo tana guga tana mita, kuma kowa a gidan ya san idan Gwaggo ta haɗa biyun nan, mitar ce ke fita sumul, gugar kuwa sai yadda hali ya yi. Auta na zaune a ƙasa tana ninke adikon goge hannu. Ita ce ƙaramar 'yar mai masaukin baƙin da ke bakin titi, ita ke zama a teburin karɓar baƙi. Gwaggo kuwa yayar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar uwarta.

Mitar ba sabuwa ba ce, a kan Kuku ake yin ta, saurayin da ke riƙe da kicin ɗin masaukin shekara huɗu ke nan, wanda Auta ta kafe ta ce shi take so. Gwaggo ta ce ita ba ta yi wahalar raino don yarinya ta ƙare a hannun namiji mai warin albasa ba. Baba, mahaifin Auta, bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi a bari taron yau ya wuce lafiya, sannan yaron ya turo manyansa a ji da me suka zo.

"Gwaggo, albasar nan fa ita ke ciyar da mu," in ji Auta tana murmushi.

"Ci gaba da mayar mini da magana. Ranar da ya ƙona miya ya ƙona ki, ina nan zaune."

Taron kuwa ba ƙarami ba ne. Masu masaukai da gidajen abinci na titin, har da mai gidan burodi da mai sayar da lemo, su suka haɗa kai suka shirya liyafar rana a farfajiyar Baba. An sayar da tikiti, kowa ya ba da kayan abinci da ma'aikatansa kyauta, abin da aka samu kuma za a raba tsakanin gidan marayu da ƙaramin asibitin unguwa. Yaran gidan marayun ma an gayyace su, an ware musu dogon tebur a inuwa. Baba ya yi wata guda yana tinƙaho da cewa a gidansa za a yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mai ɗaukar hoto ya ce zai shiga kicin, sai Auta ta riga shi don ta kintsa wurin. Kuku ya fita karɓo tukunyar gas. Ta goge teburin girki, ta jera tukwane a layi, sai idonta ya faɗa kan wata ƙaramar tukunya da aka ware can gefe, an ɗaure mata wani tsohon jan ƙyalle a hannu, an ɗaure irinsa a jikin ludayinta. Ta ja tsaki. A ranta ta ce wannan tsumman ne Gwaggo za ta gani a hoto ta samu abin yi wa Shef ɗinta, kamar yadda take kiran Kuku, gori shekara guda. Ta ɗauko almakashi ta datse ƙyallen biyu, ta tura tukunyar cikin 'yan uwanta, ta jefa ludayin cikin sauran, ta fita tana jin ta yi masa abin kirki.

Abin da Auta ba ta sani ba, don ita 'yar teburin gaba ce ba 'yar kicin ba, shi ne uwar marayun, wato matar da ke kula da gidan marayun, ta aiko tun jiya cewa akwai yarinya ɗaya da jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko ɗis, alhali babbar miyar yau da gyaɗa aka yi ta. Ƙa'idar Kuku ce, duk abincin da ya girka daban saboda mai lalura sai ya ɗaure masa jan ƙyalle, kuma ya sanar da masu rabon da aka aro daga sauran gidajen: mai jan ƙyalle na yarinyar ne. Suka zo suka duba ba su ga ƙyalle ba, suka ɗauka an riga an kai mata nata, suka zuba wa kowa daga babbar tukunya.

Ana tsakiyar jawabin godiya ihu ya tashi daga teburin yara. Auta ta kutsa ta leƙa. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, leɓɓanta sun kumbura suntum, idanunta sun firfito, tana jan numfashi da wani irin ƙara kamar ana hura wuta da bututu. Uwar marayun na jijjiga ta tana cewa gyaɗa, gyaɗa aka ba ta. Kuku ya fito a guje, ya saɓi yarinyar ya saka a motar mai gidan burodi, motar ta fice.

Da ya dawo kicin Baba na biye da shi, mutane na biye da Baba. Kuku ya ɗaga ƙaramar tukunyar, cike take ba a taɓa ba. Ya sunkuya ya tsinci ƙyallen a kwandon shara, ya dubi bakinsa da aka yanka tsaf, ya ɗago. Auta na tsaye a bakin ƙofa, kan almakashin ya leƙo daga aljihun rigarta. Idonsu ya haɗu.

Baba ya tambaye shi wa ya yi wannan aika-aikar.

"Kicin ɗina ne, Baba. Laifina ne."

Marin da Baba ya ɗauke shi da shi har farfajiya an ji. Ya ce ya cire rigar aiki ya bar masa gida, maganar aure kuma ko a mafarki kada ya sake tuna ta. Kuku ya ninke rigar ya ajiye a kan teburin girki, ya wuce ta gefen Auta bai ko kalle ta ba, ya nufi asibiti a ƙafa.

Da yamma ta rarrafa gaban Gwaggo tana kuka ta faɗa mata komai. Gwaggo ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta kama kunnenta. Ta ce idan maganar nan ta fita, sunan masaukin ya mutu, domin ma'aikaci ana korarsa a wuce wurin, amma 'yar gida ba a korarta. Ta ce in yarinyar ta mutu hukuma za ta shigo, kuma da hawan jinin ubanta ba zai ga 'yarsa a hannun 'yan sanda ya rayu ba. Shi kuwa yaron, ai da bakinsa ya amsa, wa ya tilasta shi? Gwaggo ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta, sai dai tsoron nata bai wuce ƙofar gidansu ba.

Kwana biyu Auta ta yi ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Wayar teburinta na yin ƙara sai ta ce shi ke nan, daga asibiti ne. Mota ta tsaya a ƙofa, ta ce 'yan sanda ne. Baƙo ya nemi makullin ɗaki na uku ta miƙa masa na tara. Duk wanda ya shigo kuwa da labarin Kuku yake shigowa, wai dama an san shi da sakaci, wai ya taɓa yin haka a wani wuri. Mutanen da suka yi shekara huɗu suna lashe faranti ne ke faɗin haka, ita kuma tana sunkuyar da kai.

A rana ta uku ta saci jiki ta je asibitin. Ta same shi a kan benci a baranda da kayan da ya bar gida da su, ya rame, shatin yatsun Baba bai gama ɓacewa daga kuncinsa ba. Ya ce yarinyar na numfashi da na'ura, likita ya ce a ci gaba da addu'a.

"Shef, don me ka amsa? Ka san ni ce."

"Na sani. Amma ni ma ban taɓa gaya miki ma'anar ƙyallen ba."

"Yau ƙungiyar masu masaukai da gidajen abinci za ta zauna. Wai za su hana kowane gida ɗaukar ka aiki, wai taimakon ma ba za a sake yin sa ba. Me zan yi?"

Ya kalli ƙofar ɗakin yarinyar. "Ba zan ce ki faɗa ba, ba kuma zan ce ki yi shiru ba. Ni dai bakina ba zai ambace ki ba har na mutu."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta fito, tsoro biyu na jan ta: na fuskar ubanta, da na zama sauran rayuwarta a matsayin wadda ta bari aka binne mutum da ransa saboda ita.

A ɗakin cin abincin masaukin aka yi zaman. Mai gidan burodi ke shugabanta, Baba na gefensa, uwar marayu na can ƙarshen tebur idonta jawur. An riga an fara ɗaga hannu a kan korar Kuku daga titin lokacin da Auta ta shigo. Gwaggo ta riƙo mayafinta daga baya, ta zame ta bar mata shi a hannu.

"Baba, ni ce. Ni na yanke ƙyallen, saboda hoto. Ya gan ni, ya rufa mini asiri."

Sai da ta maimaita kafin kowa ya ji. Hannayen da ke sama suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Baba ya dube ta ya daɗe, sannan ya dubi tafin hannunsa na dama. Ta runtse ido tana jiran mari, bai zo ba. Da ta buɗe sai ta ga hawaye na bin gemunsa, abin da ba ta gani ba tun rasuwar uwarta.

Uwar marayun ce ta fara magana. Ta ce ba za ta ce ba ta ji zafi ba, amma idan aka daina taimakon, yaranta aka hukunta, ba mai laifi ba. Ƙungiya ta yanke cewa za a ci gaba, sai dai liyafar baɗi ba a farfajiyar Baba za a yi ba. Baba ya ce ya yarda, bai nemi sassauci ba. Ya miƙe ya ce duk wanda ya ga marin ya biyo shi.

Haka suka ɗunguma zuwa asibiti, Gwaggo na can baya tana share ido da bakin zane. Suka tarar an cire wa yarinyar na'ura, ta buɗe ido har ta sha ruwa. Kuku na ganin Baba ya miƙe zai durƙusa, Baba ya riƙe kafaɗarsa ya hana shi.

"A gaban mutane na mare ka, a gabansu nake roƙon ka yafe mini. Na ce ka turo manyanka. Bar su su huta, ni zan je wurinsu."

Bayan wata biyu aka yi auren. Wasu baƙi sun ƙaurace wa masaukin na ɗan lokaci, Auta kuma ta sha nuni da baki a titi, ta haɗiye, don ta san kuɗin gaskiyarta ke nan. Shi haƙurinsa ya ba shi mata da mutunci, ita gaskiyarta ta ba ta mijin da za ta iya kallon idonsa. Ku da kuke soyayya ku riƙe wannan: wanda ya ɗauki laifinku don yana son ku ya gama nasa, saura naku. Kada tsoron dangi ya sa ku bar shi da kayan shi kaɗai.